Ranar da Muka Zaga Haɗeja da Ƙafa

Da yawa daga cikinku kun gan mu ranar Litinin a wajen asambule, fuskokinmu sun dafe kamar masu dawowa daga cirani, kuna ta tambayar abin da ya faru. To, ga labarin.

Tun farkon shekara muke roƙon Malaminmu na tarihi, wanda shi ne uban ƙungiyarmu, ya kai mu yawon buɗe ido. Kano muke so. Mun ƙwallafa rai a kan Gidan Makama da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata. Da aka lissafa kuɗin mota, sai kowa ya yi shiru. Malam ya ce tunda haka ne, za mu zaga tsohon garin Haɗeja, kuma da ƙafa. Muka fashe da dariya. Ɗaya daga cikinmu ya ce, “Malam, garin da aka binne cibiyarmu za mu je kallo?” Malam bai ji haushi ba. Tambaya ɗaya kawai ya yi mana: wane sarki ne Turawa suka yaƙa a garin nan? Mu ashirin da uku ne, mutum huɗu suka sani.

Ya sa rana, Asabar 25 ga Afrilu. Kowa ya san Afrilun Haɗeja. Zafi kan haura digiri 40, iska ta ɗauke cak, ko a gindin darbejiya mutum gumi yake yi. Muka ce a bari sai ruwa ya sauka, Malam ya ce ranar ba ta ɗaguwa. A ranmu mun ɗauka mugunta ce irin ta malamai.

Kuskuren farko namu ne. An ce ƙarfe bakwai, ba mu tashi ba sai tara da rabi, saboda jiran masu latti. Na biyu kuma, ma'ajinmu jaka biyu kacal ya sayo na fiya wata, ƙulli arba'in ke nan ga mutum ashirin da huɗu har da Malam. Kafin sha ɗaya babu ko ɗaya. Wasu ma a ka suka juye nasu.

A ƙofar fada muka fara tsayawa. Malam ya jero mana sarakuna tun daga Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a nan a zamanin jihadin Shehu Usmanu, zuwa ɗansa Buhari da ya bijire wa Sakkwato har aka yi ta turo masa yaƙi, ya kuma rasu a 1863 wajen yaƙi da Badawa a Gogaram. Ya sauko har zuwa Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau a 2002. Maganar gaskiya, rabinmu ba sauraro muke ba, inuwa muke nema da ido.

Daga nan muka shiga neman ganuwa. Mun ce nema, domin ba abu ne da za ka hango daga nesa ba. Malam ya tsayar da mu a gaban wani tudun jar ƙasa, awaki na kwance a kai, gidaje sun matso shi gaba da baya, ya ce wannan saura ce daga katangar da ta kewaye garin. Gefe ɗaya an yi ta ɗiban ƙasarsa, ramin ya cika da ledoji. Mu uku muna bin hanyar nan kullum zuwa islamiyya, ba mu taɓa sanin abin da muke takawa ba. Ɗaya ma ya amsa cewa ya sha ɗibar wa gidansu ƙasa a wurin don yaɓe.

Ganin mun fara jan ƙafa, Malam ya zaunar da mu ya ba mu labarin Turai. Ya ce a Atina, babban birnin Girka, akwai wani tudu mai suna Akurofolis da ke ɗauke da gine-gine masu shekara fiye da 2,400, mutane daga ko'ina a duniya na biyan kuɗi suna bin layi a rana don su hau. A watan Yulin 2023 zafi ya tsananta har hukuma ta riƙa rufe wurin da tsakar rana. A birnin Rum kuwa akwai famfunan ruwan sha a bakin tituna, kyauta, baƙo ya cika gorarsa ya wuce. Wata a cikinmu ta ce, “Ashe su ma suna jin zafi?” Wani kuma ya ce mu a nan ko an so a rufe ganuwa saboda zafi, babu ƙofar da za a rufe. An yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Wajen sha biyu da rabi ne abin ya ɓaci. Wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya, wadda ta fito ba ta karya ba, ta ce tana ganin duhu, kafin mu ankara ta sulale ƙasa. Hankalinmu ya tashi ƙwarai. Wani dattijo da ke zaune a zauren gidansa ya ɗaga murya ya ce a shigo da ita maza. Matan gidan suka ɗauke ta, aka shafa mata ruwa a fuska da wuya, aka yi mata fifita, da ta farfaɗo aka ba ta ruwan randa kaɗan-kaɗan, sannan fura. Mu kuma Baba ya ce duk mu shigo.

Zauren nan na ƙasa ne, rufin azara, kaurin bangonsa ya fi kamu biyu. Muna shiga muka ji kamar an canza gari. Babu fanka, babu wuta, amma sanyi har cikin jiki. Mu da muke gasuwa kullum a ƙarƙashin kwanon aji, a ranar muka gane cewa waɗanda suka gina garin nan sun fi mu sanin ranarsa.

Da Baba ya ji abin da ya fito da mu, sai ya dubi Malam ya ce, “Malam, da gangan ka zaɓi yau ko?” Malam ya yi murmushi. A nan muka ji dalilin da ya hana a ɗage tafiyar. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, shekara 120 cif ke nan, sojojin Ingila suka shigo Haɗeja. Kano ta riga ta faɗi tun Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Aka gwabza a lungunan garin nan, masu dawaki da masu da takubba a gaban bindiga mai ruwa, aka ɗauki sa'o'i ana yi. Sarki ya rasa ransa tare da mayaƙa da yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Ɗansa Haruna aka naɗa a bayansa.

Baba ya ce shi daga bakin kakarsa ya ji, wadda tana yarinya a lokacin. Sai ya nuna ƙofar zaure, inda rana ke ƙyalli har ido ba ya iya kallo, ya ce, “Jikokina, ku da ba ku ɗauki komai ba sai littafi, kun ji yadda take. To ku ƙiyasta mutum cikin lifidi, a kan doki, gari na cin wuta.” Babu wanda ya yi magana. Mun sha ganin shekarar 1906 a allo, mun rubuta ta a jarrabawa, amma ba mu taɓa tunanin cewa ranar tana da zafi ba, ko cewa mutanen sun ji ƙishirwa.

Ya faɗi sunayen wasu jarumai da unguwannin da suka faɗi a ciki. Abin takaici, sakatarenmu ya bar biro a jakar da muka ajiye a makaranta, wayar Malam kuma caji ya ƙare. Abin da muka riƙe a ka bai kai rabi ba, har yanzu ma muna gardama a kan sunaye biyu, shi ya sa ba mu sa su a nan ba.

Sai bayan la'asar muka fito. Kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da Haɗejawa ke kira Mai Tumbi, yana cikin tsarinmu, amma ba mu kai ba. Malam ya sa ƙanwarmu a a-daidaita-sahu aka kai ta gida, sauran muka gangara bakin kogi. Ruwan ya ja baya, masunta na gyaran raga, manoman rani na ta da injin ban ruwa. Wani masunci ya nuna mana inda ruwa ya kai a ambaliyar 2022, sai muka tuna da tudun nan na ganuwa da zauren Baba, dukansu ƙasa ce, kuma damina na tafe.

Ƙanwarmu ta warware, har ta zo makaranta ranar Litinin. Mun yanke shawarar komawa wajen Baba Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai na safe, da biro da waya mai caji da ruwa isasshe. Ya ce mu zo da wuri, domin shekarunsa sun haura tamanin kuma da rana barci yake yi. Duk wanda ke da kaka ko dattijo a unguwarsu da ya san wani abu game da ganuwa ko yaƙin 1906, ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙasan allon nan.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta