Taliyar Japan a Rijiyar Zaki

Duk wanda ya san Rijiyar Zaki shekara arba'in da suka wuce, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. A da ƙauyen manoma ne a kan hanyar Gwarzo, gero da dawa da gyaɗa har bakin danga, jakuna suna kai kara da itace birni su dawo da taki. Tun da Jami'ar Bayero ta fara tarewa a sabon mazauninta cikin shekarun 1980, sai birni ya yi ta matsowa, aka yayyanka gonaki aka yi filaye, filaye suka zama gidaje da kantuna. A cikin irin kantunan nan ne aka buɗe wani sabon gidan abinci, aka kafa allo a ƙofarsa ana tallar taliyar Japan, wadda ake kira udon.

A bayan layin akwai wata tsohuwa da ta shekara talatin tana sana'ar taliya 'yar murji. Da asuba take kwaɓa gari da ruwa da gishiri, ta murza a injinta mai hannu, ta shanya a igiya, in hantsi ya yi yara su fita talla, ga manja ga yaji. Da ribar taliyan nan ta riƙe jikanta maraya tun yana rarrafe har ya shiga jami'a. Shi kuwa in abokansa suka tambaye shi sana'ar gidansu, sai ya ce kakarsa 'yar kasuwa ce, ya kawar da zancen. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba.

Ran da aka biya shi ladan koyarwar da yake yi wa yaran wani maƙwabci, sai ya ƙudura zai kai ta ta ɗanɗani abin da shi a ransa yake ɗauka taliyar gaske. Ranar Asabar bayan la'asar, hunturu yana busawa, ya ce, "Iya, ɗauko mayafinki, yau fita za mu yi."

Ta ce, "To, maigida, sai yau ka tuna kana da mata? Allah ya sa ba asibiti za ka kai ni ba."

Da suka shiga, sai ta tsaya a bakin ƙofa za ta cire takalmi, ya yi maza ya hana ta, kunya ta kama shi. Suka zauna a kujeru masu tsawo, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Aka kawo musu kwano bibbiyu masu zurfi, ga taliya fara sol, kowane sili ya kusa kaurin ɗan yatsan jariri, tana kwance cikin romo, an yayyafa ganyen albasa. Aka ajiye tsinke biyu a gefe. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ce wa yaron da ya kawo, "Ɗan nan, ga tsinke, ina tsiren?" Yaro ya yi dariya ya kawo mata cokali.

Ta yi bismilla, ta fara kurɓar romon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Akwai busasshen kifi a nan. Akwai kuma wani abu ɗan'uwan daddawa." Jikan ya yi mamaki, don kuwa ya karanta yadda Japanawa suke haɗa romon nan: busasshen kifi, da ganyen teku, da ruwan waken soya wanda aka bari ya tsima. Abin da shi ya sani a takarda, ita ta gane shi a kan harshe.

Don ya nuna mata iliminsa, sai ya shiga ba ta labari. Ya ce udon gari ne na alkama da gishiri da ruwa, ba ƙari. Ya ce akwai wani ɗan ƙaramin lardi mai suna Kagawa a tsibirin Shikoku, wanda mutanensa suke alfahari da taliyarsu har a shekarar 2011 hukumar lardin ta yi wa kanta laƙabi da Lardin Udon, mutane kuma suna tasowa daga birane masu nisa su bi layi a ƙofar masu kwaɓawa. Ya ciro waya ya nuna mata wani dattijo yana taka kwaɓin da ƙafa.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi! Abinci ake takawa?"

Ya nuna mata an naɗe kwaɓin cikin leda mai kauri, kuma saboda taurinsa ne ake sa nauyin jiki. Bayan an taka sai a bar shi ya huta, a shimfiɗa, a ninka, a yanka da wuƙa. Sai ta daina magana, ta dubi wuyan hannunta wanda ya kumbura, wanda saboda shi ne ta ajiye sana'a shekara uku da suka wuce. Can ta ce, "Ashe akwai dabara. Ni da hannu na yi ta fama." Jikan ya sunkuyar da kai. Bai taɓa tambayar abin da ya kumbura hannun nan ba.

Ta tauna sili guda a hankali, ta kira yaron ta ce, "Yaushe aka murza wannan?" Yaro ya sosa ƙeya ya ce ai ba a nan ake yi ba, a leda take zuwa daga waje, su dai dafawa suke yi. Ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ya sa. Garin mai kyau ne, wanda ya kwaɓa ma gwani ne, amma ta yi tafiya ta gaji." Duk da haka ta cinye tas, ta ɗaga kwano ta shanye romo, ta yi hamdala. Da ta tambayi kuɗin, sai ya ce ba a faɗa wa amarya kuɗin lefe.

Lalle alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta da rani a fadamu, kuma ana danganta yawancin abincin da ake yi da ita, kamar gurasa da alkaki da taliya, da Larabawan Tarabulus da Gadamas waɗanda suka zauna a birni suna fatauci. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka faɗaɗa nomanta a Kadawa, a 1987 kuma gwamnatin soja ta hana shigo da ita don a noma ta gida, daga baya aka janye hanin. Amma abin da ya karya kasuwar 'yar murji daga wata kusurwa ya ɓullo, kuma shi ma asalinsa Japan. A 1958 wani mutum mai suna Momofuku Ando ya ƙago taliyar da ake dafawa cikin 'yan mintoci. Jikanyar wannan ce Indomie ta Indunusiya, wadda aka fara sarrafawa a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, har ta mamaye teburan masu shayi. Su Japanawa sun ƙago ta leda amma ba su yar da ta hannu ba. A nan kuwa, da ta leda ta shigo sai ta hannu ta zama abincin wanda ba shi da hali.

A hanyar komawa gida ya tambaye ta ina injin yake. Ta ce yana ƙarƙashin gado ya yi tsatsa, ba wanda ya koya, don duk yaran gidan boko suke zuwa, ita kuwa ba ta so ta tare su. Washegari ya sayo gari, ya wanke injin da mai, ya ɗaure shi a benci. Ta zauna a tabarma tana ba da umarni, "Ruwan ya yi yawa. Ƙara gari. Bar shi ya huta, ai ba gudu zai yi ba." Da hannunsa ya fara ciwo sai ya ce ko ya gwada dabarar Japanawa. Ta ce, "A gidan nan dai ba a taka abinci. Murza, ai ba ka kai shekara talatin ba tukuna."

Ran Litinin ya koma makaranta da ƙunshin taliya, rabinta duk ta kakkarye. Ya dafa a ɗaki da manja da yaji, abokai suka taru suna ci suna santi, wani ya tambaye shi inda ya samo. Ya ce, "Ni na murza, kakata ta koya mini. Sana'arta ke nan, kuma da ita na zo nan."