Ranar Da Kwamfutoci Biyar Suka Ƙi Tashi

Da farko mun yi niyyar yin magana a kan gina taurari a gajeren labari, sai dai wani abu da ya same mu a nan Sandamu ya ƙi barin zuciyarmu, don haka muka ga gara mu sauke shi a gabanku. Batun kwamfuta ne, amma ku yi haƙuri ku biyo mu.

Bara, bayan babbar Salla, wani bawan Allah da ya rufe shagonsa na buga takardu a Daura ya ba ƙungiyarmu ta marubuta kyautar kwamfutoci bakwai. Huɗu manya ne na kan tebur, biyu laftof, sai wata 'yar mitsitsiya mai rabuwa da kibod ɗinta. Kafin wannan kyauta yawancinmu a waya muke rubutu da babban yatsa, wasu kuma daga Fago da Karkarku da Rijiyar Tsamiya suke zuwa taro riƙe da littattafan makaranta cike da labarai, ba inda za su buga. Muna da burin fitar da kundin gajerun labarai, 'yan uwanmu mata kuma suna hangen gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara tun 2016. Saboda haka murnar da aka yi ranar ba kaɗan ba ce.

Da aka kunna su sai murna ta ragu. Manyan nan huɗu Windows 7 ce a kansu, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun watan Janairun 2020, kuma duk filash ɗin da aka soka musu sai ya fito da cuta. Tunda mu ne muka yi difloma a fannin kimiyyar kwamfuta, sai ido ya dawo kanmu. Shugaban ƙungiya, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, "Injiniya" yake ce mana, mu kuma ba mu taɓa gyara masa ba don sunan yana yi mana daɗi. Muka ce aiki ne na yini ɗaya. Za mu wanke su duka mu zuba musu Linux, domin kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana zuwa da tsarin kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ.

Ranar Asabar aka yi karo-karo aka sayi mai, aka aro janareto, muka iso da filash ɗin da muka haɗa da manhajar Rufus a laftof ɗinmu. Laftof biyun nan suka tashi nan take. Muka soka wa babba ta farko, sai baƙar fuska da layi ɗaya na Turanci cewa ba ta ga abin tashi ba. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu ma ko fuskar ba ta kawo ba. 'Yar ƙaramar kuwa ta wuce abinta cikin tsohuwar Windows ɗinta kamar ba a soka mata komai ba. Mai yana ƙonewa, mutum kusan ashirin suna tsaye a kanmu. Wani ya ce ai matattu aka ba mu, gara a kira 'yan gwangwan tun suna da daraja.

Malam ya matso ya ce, "Injiniya, wace cuta ke damunsu?" Muka zuba masa Turancin da muka haddace don cin jarrabawa. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa. In ba ta faɗuwa da Hausa, to kai ma ba ka gane ba." Muka buɗe baki, Hausar ta ƙi zuwa. Ya ba mu mako guda, ya ce in ba su tashi ba za a sayar.

Wannan makon mun yi karatun da ba mu yi ba a shekara biyu ta difloma. Ga abin da muka gano, kamar yadda muka mayar wa Malam daga baya.

Idan aka danna maɓallin kunna kwamfuta, ba Windows ko Linux ce ke fara farkawa ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da kamfani ya dasa a jikin allon kwamfutar tun daga masana'anta, ita ke fara tashi, ta duba kayan ciki, sannan ta nemi wanda zai yi mata jagora zuwa babbar manhaja. Wannan jagoran shi masana ke kira butloda. Matsalar ita ce manhajojin gindin nan iri-iri ne, kuma kowace da yadda take neman jagoranta.

Tsohuwar ita ce BIOS, wadda ta zo tare da kwamfutar IBM ta 1981. Muka ce wa Malam ya ɗauke ta kamar tsohon dogari da bai yi karatu ba, amma ya san aikinsa. Ba ya karanta sunan fayil, bai san wani ɗaki ba. Abin da aka koya masa shi ne ya je bakin ƙofa, wato bayit 512 na farko a jikin faifai ko filash. Idan ya ga hatimi a bayit biyu na ƙarshe, 55 da AA, sai ya ɗauki abin da ke wurin ya bi. A cikin 512 ɗin nan, 64 taswirar rabon faifai ce, 446 kacal suka rage wa jagora, abin da bai kai saƙon tes uku ba. Don haka ɗan abin da ke wurin nuni kawai yake yi zuwa inda sauran jagoran yake kwance.

Sabuwar ita ce UEFI. Kamfanin Intel ne ya faro ta a ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni suka haɗu a kanta a 2005, ta kuma bazu sosai daga 2012 da fitowar Windows 8. Ita kamar magatakarda ce, ta iya karatu. Ba ruwanta da bakin ƙofa. Tana shiga ciki ne ta nemi yankin da aka tsara da FAT32, ta buɗe jakar EFI, ta buɗe BOOT, ta nemi takarda mai takamaiman suna. Idan ita mai bit 64 ce, BOOTX64.EFI take nema. Idan mai bit 32 ce, BOOTIA32.EFI take nema, kuma ko ɗayar na gabanta ba za ta taɓa ta ba.

A nan asirin shagonmu ya tonu. Filash ɗinmu mun haɗa shi ne da zaɓin UEFI zalla, irin na laftof ɗinmu, ba tare da mun lura ba. Manyan kwamfutocin BIOS ne, sun je bakin ƙofa ba su ga jagora ba. 'Yar ƙaramar kuwa tana cikin wani ayari na masu araha da aka ƙera wajajen 2013 da 2014 da injin Atom na Intel: injin mai bit 64 ne, amma UEFI ɗinta mai bit 32 ce. Ta shiga, ta duba, ba ta ga takarda da sunan da ta sani ba, ta koma gida. Lafiyarsu ƙalau, mu ne muka zo musu da harshe ɗaya alhali su uku ne.

Maganin shi ne a ajiye jagora uku a filash ɗaya. Muka zaɓi GRUB, jagoran da yawancin nau'o'in Linux ke amfani da shi. Muka tsara a raba filash mai giga 16 da tsohuwar taswira wadda BIOS ke ganewa, a bar ɗan fili na mega ɗaya a farko, sauran a yi masa FAT32 don UEFI. Sai a zuba GRUB sau uku: na i386-pc a bakin ƙofa da ɗan filin nan, na x86_64-efi da na i386-efi a cikin jaka da sunayen da muka ambata. Dukansu uku takardar umarni ɗaya suke karantawa, don haka ko ta ina kwamfuta ta shigo, jerin zaɓi ɗaya za ta tarar. Jerin ma da Hausa muka rubuta shi, layin farko "Tayar da Linux". Abin kiyayewa kawai shi ne FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga huɗu, sai muka nemi Linux ɗin da ba ta kai haka ba.

Daren Laraba ne muka tafka abin da har yau in muka tuna sai gabanmu ya faɗi. Wata yayarmu a ƙungiya, malamar makaranta mai 'ya'ya huɗu, ta ba mu filash ɗinta mu buga mata littafin da ta shekara biyu tana rubutawa, babi goma sha huɗu, kowane babi a fayil ɗinsa. Da dare take rubutu bayan yara sun yi barci, a laftof ɗin aro da ta riga ta mayar. Filash ɗinta da namu duk suna soke a laftof ɗinmu. Linux ba ta kiran filash da sunan mai shi, sdb da sdc take cewa, kuma wanda ta fara gani shi ke ɗaukar sunan farko. Ran Talata namu ne sdb. Ran Laraba, bayan mun kashe mun kunna, sunayen suka yi musaya. Caji ya kusa ƙarewa, muna sauri, ba mu duba ba. Muka yi wa sdb fomatin, muka zuba masa GRUB sau uku, har muna jin daɗin yadda aikin ya tafi sumul. Sai da muka zare muka ga filash ja ne a hannunmu, namu kuwa baƙi ne.

Ba mu runtsa ba a daren. Da asuba muka tuna cewa fomatin na gaggawa ba ya goge ainihin rubutu, rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake kawai yake sharewa, sai dai abin da aka rubuta wani abu a kansa. Muka hau mashin zuwa Daura inda za mu sami caji da intanet mai ƙarfi, muka sauko da manhajar PhotoRec, muka sa ta bi filash ɗin lungu-lungu. Ta tsamo fayiloli masu yawa ba suna, sai lambobi. Muka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Babi goma sha ɗaya suka dawo. Uku GRUB ɗinmu ya kwanta a kansu.

Zuwa gidanta ya fi komai nauyi. Muka tsaya a zaure, maigidanta ya yi mana iso, muka durƙusa muka ce, "Yaya, mun yi miki ɓarna." Ta yi shiru har muka gama bayani. Sannan ta ce, "Ƙanina, wane da wane ne suka tafi?" Muka ce na uku da na bakwai da na goma sha biyu. Ta ce na uku da na bakwai ta taɓa tura wa ƙawarta ta WhatsApp. Na goma sha biyu kuwa babu shi ko'ina, kuma shi ne inda mahaifiyar tauraruwar ke rasuwa, wanda ta rubuta a makon da ta yi arba'in ɗin tata mahaifiyar. Ba ta yi mana faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Asabar ta zagayo, muka koma shago da filash baƙi, mun ɗaura masa zare don kada a sake. Muka danna F9 a HP, F12 a Dell, manya biyu suka nuna "Tayar da Linux". Ta uku tana manta duk saitin da aka yi mata da zarar an kashe, ashe ɗan batirinta mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, muka canja ta tashi. 'Yar ƙaramar ma ta tashi. Abin dariya, laftof biyun da suka karɓe mu a makon jiya su ne suka ƙi yanzu, domin akwai makulli a UEFI mai suna Secure Boot da ba ya yarda da jagoran da ba shi da sa hannun da ya sani, namu kuwa haɗin hannu ne. Muka shiga saiti muka sauke makullin, suka tashi. Ta bakwai ita ce matacciyar gaske, allonta ya lalace, muka ajiye ta don cire kayan gyara. Shida cikin bakwai.

Muka yi wa Malam bayanin dogari da magatakarda a gaban kowa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu na ji. Ashe kamar takardar naira dubu ce, ga boko ga ajami, kowa ya karanta ta inda ya iya, kuɗin dai ɗaya ne." Misalinsa ya fi namu, kuma shi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a shagon nan.

Daga baya wani abokin karatunmu da ke gyaran kwamfuta a titin Beirut a Kano ya yi mana dariya, ya ce akwai manhaja mai suna Ventoy da ta fito a 2020, wadda ke yin duk wannan aikin cikin 'yan mintoci. Gaskiya ne, kuma ita muke ba kowa shawara yanzu. Sai dai da ita muka fara samu, da har yau ba mu iya amsa tambayar Malam ba.

Muna ganin irin wannan aiki zai ƙaru. Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ta hawa kwamfutar BIOS. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka za su ture, kasuwanninmu za su faɗo, tsofaffi da sababbi a cakuɗe. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda zai bayyana wa mutanenmu yadda ake yi da harshen da suke ji. Cikinmu akwai ma'aikatan jinya da masu gyaran sola da malaman gona, kusan dukanmu kuma labarin soyayya muke rubutawa. Ba laifi ba ne, mu ma shi muke yi. Amma ku gwada rubuta shafi ɗaya a kan sana'arku da Hausa zalla, ku karanta wa wani dattijo. Inda ya ɗaga gira, nan ne ku ma ba ku gane ba.

Abu na biyu kuma, don Allah duk mai rubutu ya ajiye shi a wuri uku: a na'urarsa, a imel ɗinsa, da wurin wani amintacce. Kada ku ba kowa kwafinku na ƙarshe, ko da ana ce masa Injiniya.

Yaya ta sake rubuta babi na goma sha biyu a ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin nan, Asabar uku tana zuwa. Ta ce mana sabon ya fi tsari, amma akwai wata magana da mahaifiyar ta faɗa a tsohon wadda ta yi ta nema ba ta dawo mata ba. Mu ne muke buɗe mata shago duk ranar da za ta zo, mu kuma zuba man janareto daga aljihunmu. Allah Ya ba mu ikon gyara kurakuranmu. Sai mun ji daga gare ku.