Mai gadin jakunkuna

Shekarar da na fito daga makarantar horon malamai aka turo ni Talaje, nan Yamai, wajen hanyar filin jirgin sama. A ajina akwai wani yaro wanda hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama suka sandare tun yana jariri. In yana tafiya sai ya riƙa jan ƙafar, in zai yi rubutu sai da hagun. Duk ranar wasan motsa jiki ni kan ce masa: "Kai zauna gindin bedi, ka yi gadin jakunkuna." Ina tsammani tausayi ne nake yi masa.

Yara, ciwon nan ba shan-inna ba ne, ba kuma aikin iskoki ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke samun rauni, ko yaro yana ciki, ko wajen haihuwa mai wuya in ya rasa numfashi, ko kuwa shawara mai tsanani ko sanƙarau su kama shi yana ɗanyen goyo. Daga nan umurnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi ba ya isa daidai. Ba a ɗaukar ciwon wajen zama tare ko cin abinci kwano ɗaya.

Ran nan, cikin hutun damina na 2021, na ga wani tsere a wayar salula. Wasannin naƙasassu na duniya ne, a ƙasar Japan. Filin na katako ne, bakinsa a ɗage kamar na akushi, kewayensa mita 250. Ƴan tseren biyu ne kawai, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, mita 125 ke tsakaninsu. Da aka ba da alama sai kowa ya shiga korar ɗan'uwansa. A karon ƙarshe, wanda ya cim ma abokinsa ya ci nan take. In ba wanda ya cim ma wani, sai a duba wanda ya riga gama zagaye 12, wato kilomita 3. Keken kuwa ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, muddin ƙafar keken na juyawa feda ma tana juyawa.

Wadda ta ci zinariya ranar 25 ga watan Agusta sunanta Paige Greco, mutuniyar Ostareliya. Ita ma ɓangarenta na dama ne ciwon ya taɓa. Ta gama kilomita 3 cikin minti 3 da daƙiƙa 50 da ɗoriya. Na ɗauki alli na yi lissafi: kusan kilomita 47 ke nan a awa. Ni da lafiyata lau, in na hau tsohon kekena cikin rairayin Talaje, ko rabin wannan ba na yi.

Da aka koma aji na nuna wa yara hoton. Kowa na ihu, shi kuwa yaron ya yi tsit. Bayan an tashi ya tsaya bakin ƙofa ya ce: "Mushe, ita wa ya yi mata gadin jakarta?"

Ban sami abin cewa ba.

Ba mu da filin katako a Yamai. Amma muna da farfajiya da igiya da toka. Muka auna kewaye na mita 100, muka zuba toka. Na sauke sirdin kekena, mai gyaran keke na bakin kasuwa ya mai da birkin baya hannun hagun. Mahaifiyarsa ta zo ta ce: "Malam, in ya karye fa?" Tsoronta da gaskiya, ni ma ina jin sa. Mako uku ina riƙe da sirdi ina gudu a bayansa. Ya faɗi sau da yawa, gwiwarsa ta sha jan magani.

Ranar da muka yi tseren kora na farko, abokin karawarsa ya cim masa a zagaye na uku. Ya sauka yana haki, ƙura har gira, ya ce a sake. Jakunkuna kuwa, tun daga ranar cikin aji muke barin su, mu kulle ƙofa.