Ciyawar Cikin Leda

Wanda ya leƙa lambun renon itatuwa a ƙasar Gumel cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ya kai zafi, zai tarar da baƙaƙen ledoji jere sahu-sahu a ƙarƙashin rumfar kara ko inuwar darbejiya, kowace da ɗan tsironta. Daga nesa komai kore shar, gwanin ban sha'awa. Sai ka tsuguna za ka gane ba duk koren nan ne dashe ba. A bakin leda ɗaya, wadda faɗinta bai kai tafin hannu ba, ga dakwarar da aka shuka, ga nonon kurciya ya kwanta a gindinta, ga harƙiya ta soko kai, ga kuma wani ɗan mitsitsi mai ganye biyu wanda bai riga ya nuna ko ɗan wane ne ba.

Wannan mai ganye biyun shi ne abin lura. Yau ɗan yatsa ma ya ishe shi. Bayan sati biyu ya zama zaƙi-banza ko gadon maciji, saiwarsa ta sarƙe da ta dashen, ba ya fita sai da rabin ƙasar ledar.

A gona, gero da ciyawa suna rabon fili mai faɗi, in an matse saiwar gero ta nan sai ta bi ta can. A leda babu wurin gudu. Ƙasar duka ba ta wuce cikin tafi uku ko huɗu ba, balle ga masu renon gida da ke tsintar ledar fiyawata su huda gindinta, wadda rabin lita ce cikinta. Ɗan ruwan da ake zubawa safe da yamma, wanda sai an sayi mai ko an jira rana ta ɗaga kafin famfo ya turo shi, shi kowa ke sa wa rai, ciyawa kuwa ta fi kowa saurin baki. Dakwara da aduwa da tsamiya masu haƙuri ne, a farkon rayuwarsu ƙasa suke tura ƙarfinsu, saman yana tafiya sannu. Kafin su miƙe, harƙiya ta yi musu rumfa.

Ba a lambu ake ganin asarar ba, shi ya sa ake raina ta. Dashen zai rayu, a loda shi a mota cikin Yuli ko Agusta, a kai shi makaranta ko bakin hanya ko gona. Amma ƙasa ce da ruwan shekararta bai cika wuce milimita 600 ba, daga Oktoba sama ta ɗauke sai Yuni. Dashen da ya bar leda a rame, da siririn kara da saiwa kaɗan, da wuya ya ga damina ta biyu. Sai a ɗora wa akuya laifi, ko fari.

In ka tambayi mai lambu, zai ce, "Malam, ni dai ban shuka ta ba, fitowa kawai take yi." Gaskiyarsa, bai shuka ba, amma shi ya ɗura ta da hannunsa. Ƙasar leda haɗi ce: ƙasar gona, yashi, da taki. Takin nan daga turke ko garke ko kara ake kwaso shi, a yankin da kowace Alhamis kasuwar Maigatari ke cika da shanu da raƙuma da awaki, wasu daga can cikin Nijar. Duk abin da dabba ta kiwata, irinsa mai tauri yana ratsa cikinta ya fito da rai. Ɗanyen taki irin ciyawa ne a dunƙule, ruwa kawai yake jira. Ƙasar da aka ɗebo daga fadama kuma takan zo da 'ya'yan jiji, wanda in ka tsinke samansa yau, jibi ya dawo. Sauran iska ce ke kawowa, ko ciyawar da aka bari ta yi 'ya'ya a gefen shinge da tsakanin sahu.

Ba duk baƙon leda ne abokin gaba ba. Wani lokaci cikin takin awaki sai ka ga gawo ko bagaruwa ta tsiro, domin cikin akuya yana tausasa ɓawon irinsu. Mai ido ba ya jefar da wannan, leda yake nema masa. Shi ya sa aikin cira yake buƙatar sani. Tsiron turare ma, a kwanakinsa na farko, ƙanƙantarsa ta isa sabon hannu ya tuge shi ya bar ciyawar.

To, yanzu zamanin feshi ne. Manomin riɗi da gyaɗa da wake ya saba da tankin goyo, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, kuma kowace kasuwa akwai rumfar masu maganin ciyawa. Ba na ganin laifin mutumin da ya dubi ledoji dubu goma, ya dubi ma'aikatansa biyu, zuciyarsa ta raya masa ya ɗauko tanki. Sai dai magungunan da suka fi yawa a rumfunan nan ba don leda aka yi su ba.

Gilaifoset, sinadarin da ke cikin Roundup da Force Up, wanda ya shigo kasuwar duniya a 1974, ba sani ba sabo yake aiki. Ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, kuma ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan sati ko kwana goma sabon tohon dashen ya yi ɗorawa, ya tsaya cik, mai lambu yana neman cuta ko tsutsa, ya manta da feshin da ya yi a gefe ranar da ake iska. Farakwat kuwa duk inda ɗigonsa ya sauka ƙuna ce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ga ɗan Adam guba ce da ba ta da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ta sa ranar 1 ga Janairu 2024 a matsayin ranar haramta shi a Najeriya, atirazin kuma ranar 1 ga Janairu 2025. Shi atirazin maganin gonar masara da dawa ne, aikinsa kashe masu faffaɗan ganye, itace kuwa mai faffaɗan ganye ne. A ƙasa mai yashi irin tamu, wadda ba ta riƙe komai, ban ruwan kullum kai tsaye yake kai shi ga saiwar dashe.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: tanki ɗaya ne a gidan. Jiya an fesa maganin ciyawa da shi a gona, yau an ɗauraye sama-sama an zuba maganin ƙwari an bi kan ledoji. Ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya ishi ganyen gwaiba ko zogale ya murɗe.

A Amurka, inda ake renon furanni da itatuwa miliyoyi a tukwanen roba, suna amfani da maganin ciyawa, amma ba irin yadda muke zato ba. Yawancinsa na rigakafi ne, tsaba-tsaba, ana barbaɗa shi bayan an dasa, a bi da ruwa ya zauna a saman ƙasar tukunya, ya kashe irin ciyawa yana tsagowa. Duk bayan wata biyu zuwa uku a sake. Masu bincikensu sun ga wasu daga cikin waɗannan suna iya kashe ciyawar da ta riga ta fito in tana kan ganyenta biyu na farko, amma da ta ƙara girma ƙarfinsu ya ragu. Don haka su ma da hannu suke cire wadda ta girma kafin su barbaɗa. Kuma a jikin kowane buhu an lissafa tsirran da aka gwada shi a kansu. Ba gawo ko dakwara suka gwada ba, ƙasar tukwanensu kuma yawanci ɓawon itace ne, ba yashin Sule Tankarkar ba. Akwai dai magungunan da ke zaɓen ciyawa mai siririn ganye, irin waɗanda ake fesa wa wake da gyaɗa. Suna iya maganin harƙiya, amma ba ruwansu da jiji ko nonon kurciya, kuma wanda zai gwada, ya ware leda goma ya fesa, ya jira sati biyu ya gani.

Abin da ya fi arha yana gaban shuka. A tara taki tun cikin hunturu, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa har cikinsa ya ɗau zafin da hannu ba ya jurewa. Wannan zafin, wajen digiri 55 zuwa 60, yana kashe yawancin iri. In an ɗura ledoji, kada a yi gaggawa: a ba su ruwa kwana bakwai zuwa goma ba tare da an shuka komai ba, ciyawar farko ta fito, a murje ta, sannan a sa iri. Bayan dashe ya miƙe, a rufe bakin ledar da buntun shinkafa kaurin yatsa biyu, musamman na wadda aka turara kafin a cashe, tunda irin cikinsa ya mutu. A Amurka ma an gwada buntu a tukwane an ga amfaninsa, mu kuwa ga shi tuli a wuraren casar shinkafa na ƙasar Haɗeja. Yana hana irin ciyawa ganin haske, yana kuma rage ƙishin leda.

Sauran aikin na yatsa ne, kuma kallon gwanarsa abin sha'awa ne. Sai an ba da ruwa ƙasa ta yi laushi take zama. Ta sa yatsu biyu na hagu ta danne ƙasa, dashen yana tsakaninsu, ta kama ciyawar daga can gindi da hannun dama ta zare a hankali, farar saiwar ta fito ɗungurungum. Wadda ta riga ta girma ba ta ja, reza take sa wa a gindi. Ba ta zubar da abin da ta cire a tsakanin sahu, cikin kwano take tarawa, don fasa-ƙaba ko an tuge shi yakan sake kamawa. Tana tafe tana ɗaga ledoji, tana datse saiwar da ta huda ta kama ƙasa. Sau ɗaya a sati ya wadatar, in ba a tsallake ba.

Tanki yana da wurinsa: bakin shinge da filin da za a jera ledoji kafin a jera su. Da sassafe iska na kwance, bakin feshi a ƙasa-ƙasa, da takalmi da safar hannu da abin rufe hanci, kuma tankin ya zama na ciyawa kaɗai.

Layukan itatuwan kare iska da aka dasa a wannan yanki tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, kowane ɗayansu a lambun reno ya fara. Yau Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Kowace damina muna jin an raba dashe dubu kaza. Roƙona ga masu ba da kwangilar reno, daga Dutse har ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar: yadda kuke rubuta kuɗin leda da iri da ruwa, ku rubuta ladan masu cira, ku biya su duk sati. In kun zo karɓar kaya, kada ku tsaya ga ƙirga ledoji daga tsaye, ku tsuguna ku duba abin da ke cikinsu.