Gidan Kifi a Fadamar Haɗejiya

Idan Bahaushe ya kira mutum kifin rijiya, nufinsa wanda bai ga duniya ba. Wannan magana ta nuna tun da daɗewa mutanenmu sun lura cewa ba kowane ruwa ne ke zama gida na ƙwarai ga kifi ba. Ni a gidan masunta aka haife ni, a fadamar Haɗejiya, saboda haka nake so in yi wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda cikar kogi da janyewarsa ke shirya wa kifi mazauni.

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa, shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da sun iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa sai su rarrabu, su bazu. A watannin Agusta da Satumba ruwa yakan tumbatsa ya hau fadama, ya rufe burugu da kashin shanun da Fulani suka bari da rani. Waɗannan su ne ke ruɓewa su haifar da ƙananan ƙwari, watau abincin 'ya'yan kifi. Ruwan fadama kuma ba shi da zurfi, ga ɗumi, ga duhuwar ciyawa inda tsage da giwan ruwa ba su iya kutsawa su yi farauta.

Kowane kifi da irin ɗakin da yake nema a cikin wannan ambaliya. Tarwaɗa takan bi sabon ruwa ta zuba ƙwai a kan ciyawar da ya rufe. Bargi yakan tattara ciyawa ya kewaye wuri kamar akurki, ya tsaya yana gadi. Namijin ƙarfasa yakan fafe ɗan gurbi a ƙasa, macen kuwa ta kwashe ƙwan ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe. Sa'an nan idan kaka ta yi, ruwa ya fara ja, sai 'ya'yan da suka yi ƙwari su bi shi su koma kogi. Waɗanda suka makara a tafkuna su ne rabon masu koma ranar su. Gaiwa kaɗai ba ta gudu. Takan nutse cikin laka ta jira wata damina, har ake mata zambo da cewa jikinta take ci.

Duk wannan tsari ya dogara ne ga ruwa ya zo a lokacinsa, ya kuma tafi a lokacinsa. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. Ba na musun amfaninsu, domin da su Kano take shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa. Amma sun juya wa kogi ɗabi'a. Ruwan da ya kamata ya hau fadama da damina ana tare shi, sa'an nan a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Ambaliya ta ragu, hanyoyin da a da sukan bushe ƙayau kuma suka daina bushewa.

Wanda bai san su ba zai ce ai ruwa dawwamamme alheri ne ga kifi. Kacala ce ta ci ribarsa. Wannan ciyawa da fari ke kashewa ta samu wurin zama, ta yi kaba-kaba, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyi. Ruwan da ya rasa mafita ya karkata ta Marma zuwa Tafkin Nguru, wasu garuruwa na kuka da yawansa, wasu na kuka da rashinsa. A tsakiyar kacala ruwa ba ya motsi, iskar da kifi ke shaƙa takan yi ƙaranci, sai irin su tarwaɗa masu iya leƙowa sama su shaƙa ke jurewa.

Na sha bin kawuna gayyar yankan kacala. Mukan shiga ruwa har ƙirji da lauje, mu wuni kafin mu buɗe hanyar da kwalekwale ɗaya zai ratsa, kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa. Shi yakan lissafa mini sunayen kifin da suka kama a wurin yana saurayi, irin su yauni da faliya, ni kuwa sai in rubuta a littafina kamar kalmomin da na tsinto a ƙamus.

Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun biyu a tsakiyar damina, a kuma rage shi da rani don hanyoyi su bushe. A ganina wannan ya fi lauje, ko da yake manoman rani za su so a ji ta bakinsu tukuna. Kogin Jama'are dai har yanzu ba a gama madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin yi masa ba, shi ya sa ambaliyarsa ke isowa fadama a kan lokaci.