Batir Ma Yana Numfashi

Da yake kullum ina cikin wayoyi da na'urori a gidan rediyo, na ɗauka na san batir. Wani dattijo Basarke ne ya raba ni da wannan tunani a Gaya, bakin kogin Kwara.

Na shiga kwale-kwalensa ne don ɗaukar hira, mun nufi Malanville, mata da goyo cike da jirgin. Batirinsa na cikin akwatin roba, ɗaure tam bisa katako, sama da ruwan da ke taruwa a ƙasa, faifan sola na yi masa caji. Murfin duk huji ne. Ganin ruwa na fantsama, sai na jawo leda zan lulluɓe shi.

"Kul, ɗana! So kake ka tashe mu? Bar shi ya sha iska."

Daga baya na bincika, ashe gaskiyarsa. Batirin ruwa in yana caji, haidurojin yake fitarwa. Ba ta da wari, sama take yi, in ta kai kashi 4 cikin ɗari a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Tururin fetur kuwa ƙasa yake kwanciya, shi ya sa jarkokinsa ke can ƙarshen jirgi.

Ya ce ya bar sayen na mota, don tada inji aka yi shi, kwanan fitila ke kashe shi. Na sola ke jure wahala.

Na ninke ledata, na zauna a kai har muka tsallake.