Yadda Muka Rage wa 'Yan Tauri Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya san Tianxiu, dogon benen nan na kan titin Huanshi a unguwar Xiaobei, inda za ka ji Hausa da Bambara da Faransanci a cikin lif ɗaya. Nan nake aiki da rana, a wani ɗan ofishin tura kaya: awo, ɗauri, rubuta suna a jikin kwali, rigimar kuɗin kilo. Abin da alhazan da nake yi wa hidima ba su sani ba shi ne, idan an rufe shaguna, sai in ja kujera in shiga wata rigimar daban, wadda muka shafe wata huɗu muna yi ni da abokaina biyu, ɗaya a Zariya ɗaya a Maraɗi, a kan 'yan tauri.

Muna da ɗan wasan intanet da muke riƙewa, irin wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda, kowa ya zaɓi gwaninsa. Ba ya cin data, da gangan muka yi shi haka. A ciki akwai maharbi, akwai gardi, akwai boka mai jifa, akwai ɗan tauri. (Kafin wani ya rubuto mini wa'azi: wasa ne, bokan namu lambobi ne a cikin kwamfuta.) Masu bugawa ba su kai ɗari ba, akasarinsu ɗalibai da 'yan ci-rani, daga Alƙahira zuwa Kuala Lumpur. Ga wasunsu, nan ne kaɗai suke hira da Hausa a rana.

Tsarin kariya da ya zo da lambobin da muka gina wasan a kansu mai sauƙi ne: ko jifa ya kama ka gaba ɗaya, ko ya wuce kamar ba a yi ba. Kowace laya tana ƙara maka damar tsira. Wanda ya tara layu da kambu da guru isassu sai ya koma dutse. Mutum biyar suka kai wannan matsayin, duk masu lokaci da wutar lantarki. Daga nan masu buga boka suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗalibi a Sudan ya bar mana saƙo gajere, cewa ya gaji da jifan iska. Ba mu sake ganinsa ba. A wasa mai mutum miliyan, tafiyar mutum goma ba komai ba ce. A wurinmu kuwa, zaure ne ke watsewa.

Na Zariya ya ce a cire kariyar kowa ya huta, kuma yana da hujja. Haka Blizzard ta yi wa World of Warcraft a watan Agustan 2012, gab da fitowar Mists of Pandaria. Kafin nan, tun fitowar wasan a 2004, kariya kala-kala ce: ta wuta, ta ƙanƙara, ta inuwa, da sauransu. Wanda zai tunkari Ragnaros a Molten Core, musamman mai tsayawa gaba ya sha duka, sai ya yi makonni yana haɗa kayan kariyar wuta, kayan da amfaninsu kaɗan ne a wajen kogon. Jaka ta cika da tarkace. Kamfanin ya share tsarin baki ɗaya.

Na Maraɗi ya ce ai in ka cire tauri daga wasan Hausawa, me ya rage? Shi ya tashi yana ganin 'yan tauri a filin sallah, ana kaɗa musu gangi suna gasa wa kansu wuƙa. A wurinsa, ɗan taurin da ƙarfe ke ci ba ɗan tauri ba ne, kuma wanda jifa ke kamawa haka.

Ni na fi kusa da na Maraɗi, amma ba a kan dalilinsa ba. Abin da ya manta shi ne, ko a labaran da muka taso muna ji, babu maganin da ke tare komai. Maganin ƙarfe daban, na bindiga daban, na maciji daban. Sagau hannun mai sara yake riƙewa, ba ya hana ka faɗawa rijiya. Kuma kowane magani da sharaɗinsa: kada ka ci kaza, kada ka tsallake kaza, in ka karya ya karye. Kowanne da makarinsa. Wato mutanenmu, tun kafin a ƙera kwamfuta, sun gane cewa labari ba ya daɗi idan jarumi ba shi da ƙofar da za a shigo masa.

Tsohon tsarin Warcraft ɗin ma, in ka duba cikinsa, ya san wannan. Yawancin jifa ba ya wucewa gaba ɗaya, raguwa yake yi: kashi 25, ko 50, ko 75. Kuma akwai rufi. Ko ka kai maki 315 a gaban dodo mai mataki 63, abin da za ka rage a matsakaici bai wuce kashi 75 cikin ɗari ba. Kwata ɗaya dole ya taɓa ka. Da aka dawo da tsohon wasan a 2019 da sunan Classic, mutane suka koma neman kayan wutar nan da murnarsu.

Ina jin zama a nan ne ya sa na tsani tsarin ko-duka-ko-babu. Takardar zama haka take aiki. Yau tana da rai, kai mutum ne; ta mutu da kwana ɗaya, duk abin da ka gina ba ya tare maka komai. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, 'yan Afirka da dama a garin nan sun kwana a titi bayan an fitar da su daga gidaje da otal, wasunsu da cikakkun takardu a aljihu. Waɗanda suka samu sauƙi, ba abu ɗaya ya cece su ba. Ɗan yaren da suka iya ne, da maƙwabcin da ya san su, da ɗan'uwan da ya buɗe ƙofa. Kowanne ya rage wani abu.

Ga abin da muka tsayar. Kariya ta kasu uku: ta ƙarfe, ta dafi, ta jifa. Gurbin laya huɗu ne kacal a jiki, don haka in ka cika ɗaya ka bar biyu a buɗe. Babu sauran caca: jifa kullum yana kamawa, sai dai ya ragu, kuma ragin ba ya wuce kashi 60. Mun sa shi ƙasa da na Warcraft saboda faɗanmu gajere ne, mutum na iya rasa netwok a tsakiya. Sannan kowace babbar laya tana da sharaɗi. Mai gurun ƙarfe, in ya shiga ruwa, gurun ya yi sanyi na minti biyu. Boka kuma zai iya haɗa makari, amma sai ya je daji ya samo kayan, kuma sau ɗaya yake aiki.

Gwajin ya ba mu wahala saboda agogo. Guangzhou ta riga Najeriya da Nijar da awa bakwai, don haka lokacin da suka idar da isha'i, ni ƙarfe uku na dare ta wuce. Abin dariya, NetEase, kamfanin da ke riƙe da Warcraft a Sin, a garin nan aka kafa shi a 1997, ga mu kuma muna gyaran namu wasan a kan teburin da ake naɗe kwali.

Biyu daga cikin manyan biyar ɗin sun yi fushi, ɗaya ya ce mun cinye masa guminsa. Mun mayar musu da kuɗin wasa daidai layun da suka rage ba su da gurbi. Ɗaya ya karɓa, ɗayan har yau bai shigo ba. Bokaye shida sun dawo. Yanzu rigimar ta koma kan gardi: na Maraɗi ya dage cewa kurar gardi dabba ce, kariyar jifa ba ta shafe ta ba, na Zariya ya ce ai da asiri aka kama ta. Mun sa ranar Asabar.